Ranar da Tsohuwa Ta Ƙi Tashi

Masu bina a wannan shafi, na ga saƙonninku, na ga masu tambayar ko lafiya na yi shiru. Ku yi haƙuri. Abin da zan ba ku yau ko Yayata ban faɗa wa ba, kuma ina roƙonku kada ku yi saurin ɗora wa kowa laifi, don mai laifi ta farko ita ce take rubuto muku.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni mai zane ce a kwamfuta. Katin gayyata, kalanda, mujallar makaranta, duk abin da ake kai wa masu ɗab'i ni nake tsarawa, a ɗakina, a gidan iyayena. Sana'ata kaf tana cikin wata baƙar kwamfutar tebur da muke kira Tsohuwa. Ba a kanti aka sayo ta ba. Haɗa ta muka yi, ni da wani bawan Allah da 'yan gidanmu ke kira Mai Gyara, ni kuma nake ce masa Malam.

Shekara uku ke nan da na fara shiga shagonsa da matacciyar laftof a jaka. Ya buɗe, ya duba, ya ce, "Wannan ta gama nata aikin, sai dai addu'a." Na kusa kuka. Sai ya ce, "Me zai hana ki haɗa taki?" Na ɗauka zolaya ce. Wata huɗu muka yi muna tara kaya, yau wannan, jibi wancan, yawanci na hannu ne, shi ya sa ta samu sunanta. Ranar haɗawa ya miƙo min sukudireba ya naɗe hannuwansa a ƙirji. Na ce, "Ba za ka taya ni ba?" Ya ce, "Ɗaliba, idan da hannunki kika haɗa, ranar da ta yi ciwo kin san inda za ki taɓa." Haka na ɗaura ƙusa ta farko. Ban san lokacin da zancen kwamfuta ya koma wani zancen ba.

To, ranar Laraba da safe, wajen ƙarfe takwas, na shigo ɗaki da kofin shayi, ɗankwali a karkace, ko rigar barci ban cire ba. Mujallar yaye ɗalibai ta wata makaranta nake haɗawa, shafi sittin da huɗu, hoton yara sama da ɗari biyu, kowa da sunansa a ƙasa. Mako uku ina kanta. Saura bangon mujallar kawai in tura kafin Juma'a. Na sunkuya na danna maɓalli kamar kullum.

Fankar Tsohuwa ta motsa rabin juyi ta tsaya. 'Yar shuɗiyar fitilar gaba ta ƙifta sau ɗaya ta mutu.

Na sake dannawa. Haka dai. Na ajiye kofin a ƙasa a hankali.

"Haba Tsohuwa, ba yau ba, don Allah."

Ban kwafi aikin a ko'ina ba. Kullum sai in ce gobe. Amma kafin tsoro ya gama kama ni, sai na ji muryar Malam a kunnena kamar yana tsaye a bayana: "Ki fara daga bango. Mutane suna buɗe cikin kwamfuta alhali soket ne ya mutu."

Na zare filogi na saka cajar waya. Waya ta kama caji. Na ciro kebur ɗin firinta na musanya da nata. Na laluba ƙaramin makunnin da ke bayanta, na kashe, na kunna. Na cire duk abin da ke maƙale da ita, firinta, lasifika, har linzami, wato maus. Na zare wuta na danne maɓalli ina ƙirga talatin a zuciyata. Na mayar.

Rabin juyi. Shiru.

Ina durƙushe a wurin Umma ta turo ƙofa, hannunta riƙe da leda.

"Ke, tashi ki ga leshin nan. Mai ɗinki ta ce in ba a kai mata yau ba, ba za ta gama kafin Asabar ba. Ruwan toka ko ruwan zuma?"

"Umma, kwamfutata ta ƙi tashi."

"To Allah ya tashe ta. Ruwan toka ko ruwan zuma?"

"Duk wanda kika zaɓa."

Ta tsaya tana kallona. "Ni za a zo gani ko ke? Mutane za su taso takanas su zo wurin Babanku saboda ke, kina nan kina rarrafe a ƙasa kamar mai neman allura. Ki saki fuskarki, don Allah. Ruwan zuma na ɗauka."

Ta fita, ƙamshin turarenta ya tsaya a ɗakin.

Dole in tsaya nan in gaya muku su wane ne za su zo ranar Asabar, da yadda aka yi.

Bara Malam ya je wurin Baba. Baba bai kore shi ba. Ya ce masa, "Ba ni da abin cewa a kan halinka. Amma a bayan shago kake kwana. Ka samu tsayayyen aiki da wurin da za ka ajiye mace, ka dawo." Malam ya ce ya ji. Ya shiga neman aiki, yau jarrabawa, gobe ganawa. Wata ya bi wata. Ni kuma a gida kullum magana ɗaya ce: shekaruna ashirin da bakwai, waɗanda na goya sun yi aure, Goggo ta ce kaza, maƙociya ta ce kaza. Ina shanyewa.

Sai hawan jinin Umma ya kwantar da ita a asibiti kwana tara. A nan Mai Kemis ya shigo rayuwarmu, ɗan ƙawar Goggo ne, yana da kantin magani a kan babban titi. Kada ku zage shi, wallahi mutumin kirki ne. Shi ya riƙa kawo magani, shi ya riƙa yi wa likita tambayoyin da mu ba mu san a yi ba. Rana ta shida Umma ta kama hannuna, ga robar ƙarin ruwa a bayan nata hannun, ta ce, "Ki bar ni in ga aurenki da idona. Ba na son in tafi kina jiran wanda shi ma jira yake."

Na kasa ce mata a'a. Na kuma kasa gaya wa Malam. Sai na yi abin da matsorata ke yi. Na kashe ƙarar saƙonsa, na tura hirarmu can cikin ma'ajiyar saƙonni inda idona ba zai gani ba, na daina ɗaukar kiransa. Ban ce masa mun rabu ba, ban ce masa ya jira ba. Sau ɗaya ya zo gida, ina ɗaki ina jin sallamarsa, na ji Umma ta ce ba na nan. Na toshe bakina da filo ban fito ba. Wata uku ke nan. Mako biyu da suka wuce na ce wa Mai Kemis "to".

Kun ji irin wadda kuke karantawa.

Na ɗauko sukudireba daga aljihun tebur, wannan dai mai jan mariƙi da Malam ya bar min. Na kwantar da Tsohuwa a kan darduma na kwance murfin gefe. Ƙura ta yi mata gemu a fanka. Na taɓa ƙarfen jikinta tukuna kamar yadda ya koya min, sannan na danna 'yan maƙallai na zare ram guda biyu, 'yan sandunan ƙwaƙwalwarta. Na goge haƙoransu masu ruwan zinare da magogin fensir, na hure, na mayar da ɗaya kawai. Na kunna. Rabin juyi. Na musanya da ɗayan, na sauya rami. Rabin juyi. Na cire katin hoto, mai aika hoto zuwa sikirin, gaba ɗaya na ajiye a kan gado. Na ɓanɓare ɗan batir ɗin nan mai kama da kwabo, na zauna na jira minti biyar ina kallon agogo, na mayar. Na ce ko maɓallin ne ya lalace, na zare wayarsa na haɗa ƙafafun biyu da bakin sukudireba.

Rabin juyi. Shiru.

Waya ta yi ƙara. Mai Kemis ne.

"Barka da safiya, ranki ya daɗe. Umma ta ce injinki ya yi yaji."

Na rubuta, "Eh, ina fama."

"Kada ki wahalar da kanki. Da yamma in zo mu je ki zaɓi sabuwar laftof. Wannan tsohon akwatin ai ya ci a ce an huta da shi."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, na sani. Amma sai na ji kamar ya ce a fitar da wani nawa bola. Na rubuta, "Na gode, aikina yana ciki," na kifa wayar.

Abu ɗaya ya rage da na sani. Akwatin wuta, wanda ke raba wa kowa nasa. Na zare babbar wayarsa daga jikin babban allon ciki da komai ke maƙale a kansa, na miƙar da ƙarfen maƙale takarda, na soka baki ɗaya a ramin koriyar waya, ɗayan a na baƙa. Na kunna ina addu'ar kada ya juya, don in bai juya ba na san mai laifi, sai in sayo wani a huta.

Fankarsa ta hau juyawa lafiya lau.

Na zauna daɓas. Idan akwatin wuta lafiyarsa ƙalau, to babban allon ne ke nan, ko abin da ya fi shi. Ilimina ya ƙare a nan. Duk garin nan mutum ɗaya ne ya san cikin Tsohuwa kamar yadda na sani, shi ya san wane rami ne ke da gardama, wace ƙusa ce ba ta kamawa.

Na ɗauki waya na ajiye ya fi sau biyar. Daga ƙarshe na shiga ma'ajiyar saƙonni. Ga sunansa, ga lamba a gefe: goma sha ɗaya. Na yi niyyar in rubuta abin da ya kawo ni ba tare da na karanta ba. Idona ya ƙi.

"Ɗaliba, yaya jikin Umma?"

"Na kira ba ki ɗauka ba. Allah ya sa lafiya."

"Idan wani abu na yi, ki faɗa min."

Na gangara. Wata biyu da suka wuce:

"Na samu aikin! Kamfanin nan na wancan gari da na ba ki labari. Har da gida, ɗaki biyu da falo. Akwai taga babba, na riga na ga inda za a ajiye Tsohuwa."

Bayan kwana uku:

"Ina da wani albishir da ya fi wannan, amma ba na waya ba ne. Minti goma kawai nake nema."

"Na zo, an ce ba kya nan."

Na ƙarshe, mako biyar da suka wuce:

"Ba zan ƙara damunki ba. Idan ban ji ki ba zuwa ƙarshen wata, na fahimta. Ki riƙa kwafe aikinki a wani wuri, na san ba kya yi."

Jama'a, ban san kuka yana iya fitowa ba sauti ba sai ranar. Ina zaune tsakanin ƙusoshi da wayoyi, hawaye na ɗiga a kan rigar barcina. Ƙarshen watan da yake nufi ya wuce da kwana goma sha tara.

Na share ido na rubuta, "Malam, Tsohuwa ta ƙi tashi." Na goge. Na rubuta, "Ka yafe min." Na goge. Na mayar da na farkon na tura.

Minti arba'in kafin ya amsa. Na ƙirga su.

"Me kika gwada?"

Ba gaisuwa, ba Ɗaliba. Na jera masa duk abin da na yi.

"Ki kawo ta kafin la'asar. Bayan nan ba na nan."

Na yi wanka a gurguje. Na saka wata shuɗiyar atamfa, na cire, don ita na saka ranar da muka haɗa Tsohuwa. Na saka baƙar doguwar riga da mayafi ruwan ƙasa, ko kwalli ban saka ba. Na mayar wa Tsohuwa kayan cikinta da murfi, na rungumo ta kamar jaririya. Umma na falo tana tsintar wani abu a tire.

"Ina zuwa da wannan?"

"Wurin gyara."

"Wane mai gyaran?"

Na nufi ƙofa. Ta ajiye tiren. "Masu gyara sun ƙare a garin nan ne? Ke dai ba kya tausayina."

"Umma, aikin mutane ne a ciki. Yanzu zan dawo."

A tasi na ɗora ta a cinya, duk ramin da muka faɗa sai in ƙara ƙanƙame ta.

Layin masu gyara yana nan yadda na san shi, ƙarar janareta, warin dalma, kiɗa daga shago uku lokaci ɗaya. Shagonsa ne kawai ya sauya. An sauke allon sunan. Kantocin da ke cike da matattun kwamfutoci sun zama wayam, sai zanen ƙura inda kowacce ta zauna. Kwalaye a ɗaure a gefe. Shi kuma yana tsaye yana naɗe wata doguwar waya a gwiwar hannunsa. Ya rame. Ya yi aski. Rigar nan mai toka-toka da aljihunta ya taɓa ƙonewa da dalma ce a jikinsa.

Na yi sallama. Ya amsa, ya karɓi Tsohuwa ba tare da yatsunsa sun taɓa nawa ba.

"Yaya jikin Umma?"

"Da sauƙi."

"Madalla."

Ya kwance murfi, ya danna maɓalli, ya kasa kunne. Rabin juyi. Ya gyaɗa kai. Ya ciro mita daga cikin wani kwali da ya riga ya ɗaure, ya soka tsinkayenta a bayan babbar waya.

"Matso ki gani. Danna."

Na danna. Lambar ta yi sama, kafin in karanta ta zube ƙasa.

"Kin gani? A sha biyu ya kamata ta tsaya. Da kika gwada shi shi kaɗai ya juya, saboda fankarsa kawai yake ɗauka. Da an ɗora masa sauran kaya sai ya kasa. Wannan gwajin na ƙarfe yana nuna miki wanda ya mutu murus ne kawai, ba ya nuna mai rauni. Laifina ne, ban koya miki wannan ba."

"Aikina fa?"

"Babu abin da ya same shi, in sha Allah."

Ya shiga ɗakin baya ya fito da wani akwatin wuta. Na gane shi. Na kwamfutarsa ce, wadda yake ji da ita.

"Malam, naka ne wannan."

"A can za su ba ni ta aiki." Ya miƙo min sukudireba. "Ƙusa huɗu ne. Kin san wurinsu."

Haka na tsaya a shagon da babu komai ina kwance ƙusa, idona na cika ina ƙiftawa don in ga rami. Ya tsaya a gefe hannu a ƙirji. Na saka babbar waya har ta ce ƙas, na saka ta kusa da fanka, na saka ta katin hoto. Ya jona wani ƙaramin sikirin da ya rage a kan tebur.

"Bismillah."

Na danna. Fanka ta ɗauka, ta ci gaba, ta ci gaba. Ƙara ɗaya, ɗit. Sikirin ya kawo haske. Ga babban fayil ɗin mujallata a inda na bar shi. Da a ce wata rana ce da na yi tsalle.

Ya zaro filashi daga aljihu ya soka. "Kwafe yanzu, a gabana."

Layin kwafi ya fara tafiya a hankali. Minti bakwai, in ji kwamfuta. Na san in ban yi magana a cikin minti bakwai ɗin nan ba, ba zan ƙara samun dama ba.

"Yau na karanta saƙonninka."

"Na gani. Duk sun nuna an buɗe lokaci ɗaya."

"Wallahi ban san ka samu aikin ba. Umma ce ta kwanta, ta roƙe ni, na rasa yadda zan yi, na rasa da wane baki zan gaya maka..."

"Da kin ce min in tafi, da na tafi ina ganin girmanki." Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. "Ranar da na zo aka ce ba kya nan, takalminki na ƙofa. Mai igiya ɗin nan da kika ce yana cizonki. Na tsaya ina kallonsa kamar wawa."

Na rufe fuska da mayafi.

"Yaushe za ka tafi?"

"Gobe da safe."

"Idan na ce..." Na sauke mayafin daga fuskata. "Malam, idan na ce a fasa na Asabar ɗin? Ba a yi komai ba tukuna. Zan iya zuwa wurin Baba yau ɗin nan."

Ya mayar da idonsa kan layin kwafi.

"Mahaifiyata ta riga ta fara tara miki 'yan kaya," ya ce. "Duk wata sai ta sayi wani abu ta ɓoye a ƙarƙashin gado. Da wata ya ƙare na je na zaunar da ita na ce ta daina. Ta tambaye ni me na yi miki, na ce ban sani ba. Ta yi kuka irin wanda rabona da gani tun rasuwar mahaifina. Ba zan iya komawa in ce mata ta sake farawa ba, alhali ban san ranar da za ki sake yin shiru ba. Na yafe miki, har ga Allah. Amma abin da nake ji da shi a nan," ya taɓa ƙirjinsa, "na danna, na danna, ya ƙi."

"Albishir ɗin fa? Wanda ka ce ba na waya ba ne?"

"Ya wuce."

"Don Allah."

"Ba shi da amfani yanzu. Kwafi ya gama."

Ya zare filashin ya ajiye a tafin hannuna. Ya kashe Tsohuwa, ya ɗaure murfi da kansa, ya fita titi ya tsayar min da tasi. Ya ajiye ta a kujerar baya, ya ce wa direba, "A bi da ita a hankali, tsohuwa ce." Sannan ya sunkuyo ta taga.

"Ki sayi abin kare wuta ki saka mata. Ki riƙa hure ƙura duk wata uku. Allah ya ba ku zaman lafiya, Ɗaliba."

Motar ta ja. Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya zan buɗe ƙofa.

La'asar ta yi lokacin da na isa gida. Leshin ruwan zuma ba ya kan kujera, an kai ɗinki. Na wuce ɗaki na jona komai. Ta tashi kamar ba abin da ya taɓa samunta. Na zauna ina kallon fuskokin yaran mutane a shafi na goma sha biyu, ban ga ko ɗaya ba.

Sai na ji muryar Baba daga falo. "Mamana, zo."

Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa aka saka min. Na same shi a kujerarsa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, tabarau a hannu. Umma na tsaye a bakin ƙofar kicin tana goge kofi. Na durƙusa.

"Mutanen nan sun kira, sun ce Asabar ƙarfe huɗu. Na ce zan kira su." Ya dube ni sosai. "Me ya sami idonki?"

"Ƙura ce, Baba. Kwamfuta na buɗe."

"Uhm." Ya juya tabarau a hannunsa. "Ni dai ban saba shiga maganarku ta mata ba. Amma kafin in ba mutane rana, ina so in ji daga bakinki, don akwai abin da ya tsaya min. Yaron nan mai gyara. Wata biyu da suka wuce ya same ni a wurin aiki da takardarsa a hannu, har da hoton gidan da aka ba shi. Na karanta, na ce masa ya cika alkawari, ni ma na cika nawa. Na ce na ba shi, in dai kin amince. Ya tashi yana ta godiya har ya manta hularsa."

Na ɗago na dube shi.

"Na yi ta jiran ki zo min da maganar, ban ji ki ba. Sai aka ce min wani kike so. Na ce to, ra'ayinki ne, ba zan tilasta miki ba. Amma yaron ya ba ni tausayi."

"Baba," na ce. "Ban sani ba. Babu wanda ya gaya min."

Ya ɗaure fuska. "Kamar yaya ba ki sani ba? A ranar na dawo na faɗa wa Ummanku, na ce ta sanar da ke. Washegari ta ce min ta faɗa miki, kin ce a bar maganar."

Na juya a hankali.

Umma ta daina goge kofin. Ba ta kalle ni ba, ba ta kalli Baba ba. Tsumman ya zame daga hannunta ya faɗi a kan tayil, ba ta sunkuya ta ɗauka ba.

"Hajiya," in ji Baba, muryarsa ƙasa-ƙasa, "da ke ake magana."

Sai hawaye. Matar da na kwana tara a gefen gadonta, wadda saboda ita na toshe bakina da filo, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Wancan garin ya yi nisa. Da ya tafi min da ke."

Na so in yi ihu. Na so in ce mata ga shi nan ai, zai tafi gobe shi kaɗai. Amma na tuna babu wanda ya riƙe min yatsa wata uku ya hana ni buɗe saƙo goma sha ɗaya. Ita ta ɓoye magana ɗaya, ni na ɓoye kaina gaba ɗaya.

Baba ya mayar da tabarau ya ɗauki wayarsa. "Mamana, me zan ce wa mutanen?"

Na share fuskata da gefen mayafi.

"Ka ba su haƙuri, Baba. Ka ce kada su zo. Mai Kemis kuma ni zan gaya masa da bakina, yau, ba ta saƙo ba."

"Yaron nan mai gyara fa? In kira shi?"

"A'a," na ce. "Shi ya riga ya ba ni amsa."